Laftanan Mai Duba Ƙafa

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, wani da safe, wani da yamma. Maigidana ya riga ni. Yau kwanansa arba'in da uku a ƙasa, ni kuma ina ɗaki ina takaba, ba ni da aiki sai tunani. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba, shi ya sa 'yar ƙanwata da ke koyarwa a firamare take rubuta abin da nake faɗa. Na ce mata in kuka ya zo mini ta jira ni, kada ta cike gurbin da nata.

Sunansa bai fito daga bakina ba yana raye, ba zai fito yanzu ba. A gida Malam nake ce masa. A nan unguwarmu ta Ali Kazaure a Jos, Baba Laftanan ake ce masa. A kasuwar Farin Gada kuwa, Oga.

Ranar da ya rasu da ruwa aka wayi gari. Ban ga jana'iza ba, ƙanensa ne ya ba ni labari. Ya ce 'yan lodin Farin Gada sun bar motocin tumatir a tsaye sun taho gaba ɗayansu. Da suka iso bakin layinmu sai suka tuɓe takalman roba suka jera a jikin bango, suka bi gawa cikin taɓo ƙafa ba takalmi. Liman ya ce musu, "Bayin Allah, sanyi zai kama ku." Babbansu ya ce, "Liman, marigayin ne ya sa muka fara sa su. Yau dai a bar mu." Ƙanen Malam ya ce da su, "Da yana ganinku haka da kun sha faɗa." Sai ga ƙatti suna dariya suna share hawaye.

Da yamma wani tsohon kofur daga Anguwan Rukuba, Kirista, wanda suka yi yaƙi tare, ya dogaro sandarsa har ƙofar ɗakina. Ya jingine sandar, ya miƙe iya miƙewarsa, ya sara. Ya ce da Hausarsa ta bariki, "Mama, Oga ya bar mu. Wannan ƙafa da kin gani, shi ne ya ajiye mini shi." Ya daɗe a tsaye hannu a goshi, sai da aka riƙe shi aka zaunar.

Da a nan abin ya tsaya, da ban sa an ɗauki biro ba. Amma ranar sadakar uku, ina bayan labule, na ji wasu mata biyu 'yan gaisuwa suna raɗa. Ɗaya ta ce, "Ashe shi ne na cikin littafin nan?" Ɗayar ta ce, "Shi ne mana. Ana harbi yana duba ƙafa." Suka yi 'yar dariya, suka ci gaba da cin gumba.

Littafin, wani ne da ya yi musu akawu a soja ya rubuta shi da Hausa, labarin yaƙin basasa, da jarumai da soyayya. Malam ba jarumin ba ne. An ce mini shafi uku kacal ya samu. An canza masa suna, an yi masa tumbi, an mai da shi matsoraci abin dariya. Malam kuwa kamar sillen kara yake har ya mutu. Amma duk wanda ya san shi ya gane shi, saboda maganar ƙafa. Yau a unguwar nan yaran da ba su taɓa gaishe shi ba sun san na littafin. To ni na zauna da na gaskiyar, bari in faɗi nawa, da daɗinsa da ɗacinsa.

Gaskiya ne, Malam ƙafar mutum yake fara kallo kafin fuskarsa. Daga kurtu ya fara, ya hau har samanja, yaƙi ya zo aka rasa hafsoshi aka maƙala masa anini. Daga laftanan bai ƙara gaba ba. Yakan ce, "Soja ƙafa ne, bindiga rakiya ta yi." Yakan kuma ce, "Ciki yana haƙuri, ƙafa ba ta yi."

Lokacin da aka zo neman auren 'yarmu, yaron ya shigo zaure ya durƙusa. Malam bai tambaye shi komai ba, ya dai ƙura wa ƙafarsa ido har yaron ya fara jan bakin wando yana rufewa. Bayan ya fita Malam ya ce, "A ba shi." Ƙanensa ya ce, "Yaya, ko asalinsa ba ka tambaya ba." Ya ce, "Na ga asalinsa. Yana yanke farce, yana wanke tsakanin yatsu. Mai kula da inda ba a gani zai kula da mace." Ga su nan har yau, 'ya'yansu biyar.

Da ya bar soja sai ya samu aikin kula da 'yan lodi a Farin Gada, masu sauke kabeji da karas da dankali daga mota. Kowace Litinin da safe sai ya jera su a kan benci, kowa ya miƙo ƙafa, yana bi da kwalbar aidin da auduga. Suna gunaguni, masu kaya suna tsokana. Wata rana, kasuwar tumatir tana tsakiyar ci, ya tarar ƙusa ta soki wani ƙato a diddige, ya ce ya tafi gida. Dillali ya taso da hayaniya, "Oga, nan fa ba bariki ba ne! Tumatir ba ya jiran gyambo!" Malam ya sallami mutumin. Ya tuɓe riga, ya naɗa gammo, ya sa aka ɗora masa kwando. Lokacin ya haura sittin. Har la'asar yana dako a madadin mutumin nan. Ya dawo gida wuya ba ya juyawa, kwana uku ina gasa masa, ina yi masa faɗa, yana cewa, "To, Samanja, na ji." Haka yake kirana in muna mu biyu, wai ni ce mai ba da oda a gidan.

Ba waliyyi ba ne. Yana da taurin kai, kuma a kan lokaci ba ya da ɗan'uwa. Kafin ladan ya kira salla yana masallaci. In an gayyace shi ɗaurin aure sai ya tarar da masu gida ba su gama shara ba. Akwai ranar da za mu suna gidan ƙanwarsa, ina ɗaura kallabi, na ce ya ɗan jira. Na fito na tarar ya tayar da babur ya tafi. A ƙasa na tafi, na isa ina huci. Kwana biyu na yi masa tuwo ba gishiri a miya, ya cinye tas. A rana ta uku ya ce, "Samanja, an janye dokar gishirin ko da saura?" Na ɗauka halin soja ne kawai wannan tsoron jinkiri. Ban san yana da tushe ba.

Kullum bayan la'asar nakan dafa ruwa in sa gishiri, in kawo masa a kwano, in wanke masa ƙafa, in shafa man kaɗanya a faso. A nan muke hirarmu duka: ta yara, ta kasuwa, ta wanda ya mutu da wanda ya haihu. Ta yaƙi ce kaɗai ba ya yi.

Yanzu sai in faɗi yadda na same shi. Ina da wa, uwa ɗaya uba ɗaya. Mahaifinmu haƙar kuza ta kawo shi Jos, yayana kuma ya tashi direban motar kamfanin kuza. Yana da wushirya, kuma ba ya rabuwa da fito, tun daga nesa za ka san shi ne tafe. Da yaƙi ya tashi ya shiga soja a direba. Bai dawo ba. Abin da aka gaya mana, a wata makaranta aka ritsa da su. Bayan an gama yaƙi, wani siririn hafsa ya yi sallama a gidanmu da jaka a hannu: agogon yayana, da hularsa, da layar da mahaifiyarmu ta ɗinka masa. Ya ce shi ya binne shi. Ni lokacin ina gida ina zawarci, aurena na fari ya mutu ban haihu ba, mutane har sun fara cewa ba ni da rabo. Hafsan nan ya dawo, ya sake dawowa. Kafin shekara ta zagayo an ɗaura mana aure.

Da daminar bara waccan, matar ɗanmu ta aro littafin nan. Muna zaune a tsakar gida da maƙwabta muna yankan kuɓewa, tana karanta mana. Da ta zo kan laftanan mai duba ƙafa, mata suka kwashe da dariya, ni ma na yi, har na ce, "Wannan ai Malam ne sak!" Ta ci gaba. Wai an kewaye wasu sojoji a cikin wata makaranta, aka ce su daure, laftanan zai iso da mutanensa kafin hantsi. Shi kuwa ya zaunar da mutanensa, ya sa suka tuɓe takalma suna shanya safa. Bai isa ba sai bayan azahar, ya tarar ba sauran mai numfashi. A cikin mamatan har da wani direba mutumin Jos, mai wushirya, wanda yake ta fito yana ƙarfafa wa 'yan'uwansa gwiwa har murya ta ɗauke.

Wuƙar ta faɗi daga hannuna. Surukata ta dube ni, ta rufe littafin. Maƙwabta suka fara neman mayafansu.

Da la'asar na kai masa ruwa kamar kullum. Ya sa ƙafa a ciki. Na ce, "Malam, makarantar da yayana ya mutu, kai aka tura ka cece su?"

Ya daɗe yana kallon ruwan. Ya ce, "Ni ne."

Na ce, "Kuma ka zauna shanya safa?"

Ya ce, "Kwana tara muna cikin ruwa ba wanda ya cire takalmi. Da gari ya waye na duba, in an ja safa fata ta biyo. Na ce a ba su rabin yini. Na ɗauka waɗancan za su iya riƙewa. Ba wanda ya sa ni, ni na yanke."

"Ka san yana ciki?"

"Ban san shi ba sai a kwance."

Na ce, "Shekara talatin da huɗu ina wanke ƙafar nan, Malam." Na janye kwanon, na je na zubar a makwarara.

Ina so a fahimce ni. Ba jinkirin ne ya fi ci mini rai ba. Kwanan yayana ya ƙare, ko da wa aka tura. Abin da ya hana ni sukuni tambaya ce guda: mutumin nan, da ya ga bazawarar da ba mai so a gidan wanda ya mutu saboda shi, aurena ya yi ko sadaka ya bayar? 'Ya'yan da na haifa masa, da dariyar da muka yi, duk kaffara ce yake yi ni ban sani ba? Na kasa tambaya, don ina tsoron amsar. Malam ba ya ƙarya in an tambaye shi kai tsaye.

Wata bakwai muka yi a haka. Ina dafa masa abinci, ina wanke masa kaya, ina gaishe shi da safe. Ruwan ɗumi ma ban fasa ba, amma sai in ajiye a ƙofar ɗakinsa in juya. Shi ma ya daina ce mini Samanja, ya koma Hajiya, kamar baƙuwa.

Ɗanmu ya fusata, ya ce zai nemi akawun nan duk inda yake su yi ta a kotu. Malam ya ce, "Zauna. Ya ƙara gishiri, amma miyar tawa ce." Tsohon kofur ma ya ji labari ya zo sulhu. Ya zauna a tsakar gida ya ce, "Mama, ni ina wurin. Allah ya sani, da mun tashi da safe, rabi ba zai kai ba. Kar ki riƙe Oga." Sai muka ji muryar Malam daga ɗaki, "Kofur, kada ka gaya mata abin da ba ka sani ba. Wataƙila da mun kai. Ni ma ban sani ba." Kofur ya dube ni ya buɗe hannu, ya ce, "Kin gani? Haka yake tun a daji. Ko ka kawo masa inuwa, zai matsa ya koma rana."

Malam yana da ciwon suga. Idonsa ya yi rauni, bayansa ba ya lanƙwasuwa. Na san duk wannan. Na lura ya fara ɗingishi, na lura ko alwala zai yi ba ya cire safa, sai ya shafa a kai. Na ce a raina sanyin Jos ne. Ƙarya nake yi wa kaina, fushi ne ya rufe mini ido.

Wata Juma'a na ji an yi kiran salla, ga takalmansa a ƙofar ɗaki. Mutumin da yake riga ladan. Na ɗaga labule, wari ya tare ni. Yana zaune a bakin gado da babbar riga, ya shirya tsaf, ya kasa tashi. Na durƙusa na kama safar, ya ce, "Bari, Hajiya." Ban bari ba. Abin da na gani ba zan sa a rubuta ba. Na ɗora hannu a ka na ce, "Kai da ka duba ƙafar duniya! Me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "Wa zan ce ya duba mini?"

Dakata, 'yata. Jira ni.

A asibiti suka yanke ta daga ƙasan gwiwa. Likita ya ce ɗan ƙaramin ciwo ne ya fara a tsakanin yatsu, da an gani da wuri da magani ya isa. 'Ya'yana suna cewa ƙaddara ce, Inna, ki daina. Na yarda ƙaddara ce. Amma hannuna ya san kowane faso na ƙafar nan, da ina wankewa da na gani tun yana kamar ƙwayar gero. A rubuta wannan ma. In za a riƙa ba da labarin wanda ya yi jinkiri, to mu biyu ne a gidan nan.

Ya yi shekara guda da 'yan watanni bayan haka. 'Yan lodi suka riƙa zuwa ranar Litinin su zauna a zaure su miƙa masa ƙafa, ko da idonsa ba ya gani sosai, yana lalubawa yana faɗa. Ranar da zai tafi ya sha kunu, ya tambaye ni ƙarfe nawa, na gaya masa, ya ce zai ɗan kishingiɗa. Shi ke nan.

Da aka gama shirya shi aka kira ni in yi masa yafiya kafin a fita da shi, na ga mata sun zuba mini ido, don unguwa ta san abin da ya shiga tsakaninmu. Na yi masa addu'a na tashi. Wasu sun ce ban furta yafiya ba. Gaskiya ne ban furta ba, don mun riga mun gama wannan tun yana ji yana amsawa. Ba wanda na gaya wa yadda aka yi, sai yau.

Kwana goma bayan an yi masa aikin ƙafar, na turo shi a keken asibiti zuwa baranda ya sha hantsi. Na ce, "Malam, ka yafe mini ƙafarka." Ya ce, "Ta yi tafiyarta, ta gaji. Na yafe." Sai na ga in ban tambaya yau ba, zan mutu da abin a ciki. Na ce, "Saura ɗaya. Don Allah kada ka rarrashe ni. Tausayi ne ya sa ka aure ni?"

Ya ɗago kai. Sannan ya ce, "Zuwan farko, don yayanki na zo. Na biyu, don tsohuwa, na ga ba ta da mai faskara mata itace."

"Na uku fa?"

"Na uku, na tsaya a bakin layinku, gindin mangwaron nan, tun hantsi har azahar, ina neman dalilin da zan ba mahaifinki. Na duba ta yayanki, ba saura. Na duba ta tsohuwa, itace na nan jibge. Ban samu dalili ba. Sai na shiga haka nan."

Na ce, "To me ya hana ka gaya mini maganar makarantar?"

Ya ce, "Tsoro. Na san in na faɗa ba za a ba ni ke ba. Da aka ba ni, na ji tsoron kada ki tafi. Akawu bai yi ƙarya ba da ya ce ni matsoraci ne. Wurin da na ji tsoron ne kawai ya kuskure."

Na yarda da shi nan take, kuma ba don daɗin maganar ba. Na yarda ne don na gan shi a ranar. Ni da ƙanwata muna leƙe ta ramin zana, muna kallon wani soja a gindin mangwaro, ya yi taku uku ya dawo, ya cire hula ya mayar, ya goge takalmi da bayan wando. Ƙanwata tana cewa ɓatan hanya ya yi, ni ina mintsininta, don na san ba ɓata ya yi ba. Har na je na canza zane na dawo, yana nan tsaye. Ban taɓa gaya masa ba, kunya ta hana, har na manta ina da wannan shaida a hannuna. Wata bakwai ina neman amsar da na gani da idona tun ina da ƙuruciya.

Na gaya masa a barandar nan. Ya juyo ya ce, "Kina kallona duk tsawon lokacin? Ba ki aiko an ce in shigo ba?"

Na ce, "Ina so in ga iya inda za ka kai."

Ya yi dariya har ɗinkin ya motsa, ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta yi mana tsawa, wai mu tsofaffi ba ma jin magana.

Allah ya jiƙan Malam, ya haɗa shi da yayana a inda ba a tuhumar kowa. Allah ya yafe masa rabin yininsa, ya yafe mini wata bakwai ɗina. In tawa ta zo, Allah ya sa in tarar da shi yana jira.